Gadar Yagwa da Bongor: Me Ya Rage Bayan An Yanke Ƙyalle?

 

Ranar 28 ga Afrilu, 2025, Firaministan Kamaru Joseph Dion Ngute da takwaransa na Chadi Allah-Maye Halina suka buɗe gadar da aka gina a kan kogin Logon, wadda ta haɗa Yagwa da Bongor. Tsawonta mita 620, an kuma shimfiɗa mata kwalta ta kimanin kilomita 14 a gaɓoɓin biyu. An aza harsashinta a watan Fabrairun 2020, ta ci kimanin sefa biliyan 74, kuɗin da suka fito daga Bankin Raya Afirka da Tarayyar Turai da gwamnatocin ƙasashen biyu. Wannan ni'ima ce babba, kuma duk wanda ya san wahalar jiran jirgin fito a mashigar Zebe, ko ya ga yadda ake loda buhuna da babura da mata masu goyo a kwalekwale ɗaya lokacin da kogi ya cika, ya san darajarta.

Sai dai wata bakwai kafin wannan buki, a watan Satumban 2024, wata gada ƙarama da ke cikin garin Yagwa kanta, a kan rafin Danay, ta rufta saboda ambaliya. Gari ya rabu biyu. Ɗalibi da malamin asibiti da mai kai kaya kasuwa suka koma shiga kwalekwale domin su je wata unguwa a cikin garinsu. A shekara guda mun ga gada ta biliyoyi ta miƙe, mun ga kuma gadar da muke bi kullum ta faɗi.

Abin da nake so mu duba tare, musamman ɗalibai da limamai masu faɗakar da jama'a, shi ne cewa hanya kamar sarƙa take, ƙarfinta yana tsayawa ne a inda ta fi rauni. Buhun shinkafar da ya tashi daga Yagwa zuwa Garwa ko Njamena bai damu da kyawun mita 620 ba, idan akwai kilomita ɗari na ramuka a gabansa, ko kwalbatin da ruwa ya cinye, ko 'yan bindiga, ko shingen da za a tatsi direba. Gadar ta gyara zobe ɗaya a sarƙar. Sauran zobban su ne batun wannan rubutu.

Abin da gadar ta kawo

Kafin wannan aiki, wuri ɗaya tak ake ketare Logon a kan gada tsakanin Kamaru da Chadi, wato Ngeli, tsakanin Kusri da Njamena, inda aka gina gadar farko a 1985. Daga can zuwa nan, tafiyar fiye da kilomita 200, sai fito da kwalekwale. Alhali mutanen gaɓoɓin biyu jama'a ɗaya ce. Masa suna nan suna can, haka Tupuri da Musgum, haka Fulani da Barebari da Larabawa da Hausawa 'yan kasuwa. Bongor ma tana cikin Kamarun Jamusawa har zuwa yarjejeniyar 1911 tsakanin Jamus da Faransa. Iyakar ce ta zo ta tarar da auratayya da kasuwanni da zumunci, ta bi ta tsakiyarsu.

Amfanin farko ke nan na kusa: mara lafiya, da ɗalibi, da mai zuwa ta'aziyya, da mai sayar da kifi ko shinkafa, za su ketare dare ko rana, rani ko damina, ba tare da sun sa ransu a hannun igiyar ruwa ba.

Amfani na biyu ya fi wannan faɗi. Chadi ba ta da teku, kuma mafi yawan kayan da take shigowa da su ta tashar Duwala suke biyowa. Babbar motar da ta taso daga Garwa yanzu tana iya ratsewa a mararrabar Magada, ta bi ta Kaele da Gidigis da Kalfu ta iso Yagwa, ta haye zuwa Bongor, ta miƙe zuwa Njamena. Wato arewa ta sami wata ƙofa. Muhimmancin ƙarin ƙofa ba zai fito ba sai mun tuna yadda ƙofofinmu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Ƙofofin da suka rufe

Dattawan Garwa sun san zamanin da tashar jiragen ruwa ta kogin Binuwai take aiki. Idan damina ta kankama ruwa ya cika, jirage sukan taso daga gaɓar tekun Najeriya da gishiri da siminti da man fetur, su koma da auduga da gyaɗa. Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya katse wannan zirga-zirga. Daga baya jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, aka kammala madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, yashi ya cike tashar, ba ta sake komawa yadda take ba.

Jirgin ƙasan kuwa a Ngaundere ya tsaya. Fiye da shekara 50 ke nan layin dogo bai ƙara taku ɗaya zuwa arewa ba, duk da cewa Kamaru da Chadi sun daɗe da amincewa a kan miƙa shi zuwa Njamena. Saboda haka duk kayan da jirgin ƙasa ya kawo, sai an sauke su an ɗora wa manyan motoci, su gangaro ta gangaren dutsen da ke tsakanin Ngaundere da Mbe, inda direbobi da yawa suka rasa rayukansu, su bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 zuwa Garwa da Marwa. Jihohi biyu cur, ta Arewa da ta Arewa Mai Nisa, a kan zare ɗaya na kwalta suke rataye. Mun ga abin da wannan yake nufi a ƙarshen watan Agustan 2020, lokacin da gadar Palar ta rufta a Marwa, manyan motocin da suka nufi Mora da Kusri suka yi cirko-cirko.

Ƙofa ta uku ita ce ta Barno. Shekaru aru-aru kasuwancinmu ya fi karkata yamma, ta Banki da Amcide, da kuma Gamboru da Fotokol. Ta nan kayan masarufi da atamfa da kayan gyaran mota da fetur ɗin zuwa-zuwa suke shigowa, ta nan shanu da albasa da shinkafa suke fita. Fitinar Boko Haram ta mayar da Banki da Amcide kufai na wasu shekaru, dubban masu lodi da direbobi da 'yan acaba da masu sayar da abinci a tasha suka rasa abin yi.

Darasin a fili yake. Yankin da ke da ƙofa ɗaya, duk ranar da ruwa ko yaƙi ya rufe ta, farashi ne zai hau, talaka kuma shi zai biya. Shi ya sa gadar Yagwa take da daraja fiye da tsawonta. Amma abubuwa uku ne suke cin hanya a ƙasarmu, kuma ko ɗaya daga cikinsu gadar ba ta kawar ba.

Na farko: ruwa

Ƙasar da ke tsakanin Yagwa da tafkin Chadi shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma. Idan Logon ya yi ambaliya, ruwa yakan malale ya rufe fadamun da ake kira yayre na tsawon watanni. Ƙasar kuma yumɓu ce baƙa, wadda Fulani ke kira karal, irin wadda ake dasa masakwa a cikinta bayan ruwa ya janye. Albarka ce ga manomi, amma jarrabawa ce ga mai gina hanya, domin takan kumbura idan ta sha ruwa, ta tsage idan ta bushe. Kwaltar da aka shimfiɗa a kanta ba tare da an ɗaga ta an yi mata tushe mai kauri da isassun kwalbatoci ba, damina kaɗan ce za ta farfasa ta. Dutse da tsakuwa kuma sai an ɗauko su daga nesa. Wannan ne ya sa kilomita ɗaya a nan ta fi tsada, ya sa kuma aikin ha'inci yake saurin tonuwa.

A 1979 aka gina madatsar Maga mai tsawon kilomita 27, domin noman shinkafa na kamfanin SEMRY, tare da ganuwar ƙasa da ke tare Logon. A damunar 2012 ruwa ya fi ƙarfin waɗannan gine-gine, ƙauyuka suka nutse. Shugaba Paul Biya ya zo Girbidik a watan Satumban shekarar, ya yi alkawarin ganuwa mai hanya a bisanta, tsawon kilomita 330, daga Gobo zuwa Kusri. Daga baya an gyara madatsar Maga da kimanin kilomita 70 na ganuwar Logon da rancen Bankin Duniya, kuma aikin ya yi amfani. Amma da ambaliyar 2024 ta zo, shekara 12 bayan alkawarin, babu waccan ganuwa mai hanya. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa ambaliyar ta shafi mutane fiye da 400,000 a jihar Arewa Mai Nisa.

Wannan aiki da aka yi alkawarinsa jifa ɗaya ne da zai kashe tsuntsu biyu. Zai tare ruwa, zai kuma ba ƙauyukan bakin kogi, daga Pus har zuwa Logon Birni, hanyar da ba ta mutuwa da damina. A yau akwai garuruwan da idan ruwa ya sauka, mace mai naƙuda sai an ɗauke ta a kwalekwale ko a amalanke, malamin makaranta ba ya iya komawa bakin aikinsa, manomi yana kallon amfanin gonarsa ba shi da yadda zai kai shi kasuwa. Ga mutanen nan, kwalbati ɗaya a kan rafin ƙauyensu ya fi musu gadar Bongor kusa da rayuwa.

Na biyu: bindiga

Labarin hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusri, mai tsawon kilomita 205, ya isa ya zama darasi a makarantu. A watan Fabrairun 2013 aka sace iyalin wani Bafaranshe, mutum bakwai, a kusa da Dabanga. A tsakiyar watan Mayun 2014 'yan Boko Haram suka afka wa sansanin kamfanin Sinohydro a Waza, suka tafi da ma'aikata 'yan Sin su 10. An sako su a watan Oktoban shekarar, amma aikin hanyar ya tsaya cak. A 2018 aka miƙa shi ga injiniyoyin soja da kuɗin Bankin Duniya, wa'adin ya ƙare ba a kammala ba. A 2023 bankin ya sake amincewa da dala miliyan 330 domin wannan hanya da garuruwan da ke kewaye da ita. Hari na dare ɗaya ya jawo wa jama'ar Logon da Shari jinkirin fiye da shekara 10.

Mai tayar da fitina ya san abin da yake yi idan ya kai hari kan hanya. Inda hanya ta mutu, soja ba ya isa da wuri, likita da malami ba sa yarda su zauna, kaya suna tsada, saurayi ba shi da sana'a. A irin wannan wuri ne mai ɗauke da bindiga da 'yan kuɗi a aljihu yake samun masu sauraronsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Lalacewar hanya tana haifar da rashin tsaro, rashin tsaro kuma yana hana a gyara hanya, haka abin yake ta zagayawa.

Matakan tsaron ma suna da nasu nauyin. Lokacin da aka taƙaita zirga-zirgar babura a wasu sassa saboda maharan suna amfani da su, an rage wani sharri, amma a ƙauye babur shi ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa, shi ne abincin gidan samari da yawa. Tafiya cikin ayari da rakiyar soja tana tsare rai, amma tana ƙara kwanaki, kuma kowane kwana kuɗi ne da za a ɗora a kan farashin buhu.

A nan akwai wani haɗari da ya kamata mutanen Yagwa su faɗa da bakinsu, ko da yake mu ne muke cin moriyar sabuwar gada. Idan manyan motoci suka koma bin Yagwa da Bongor, ko suka ci gaba da bin Tuboro da Mundu ta kudu, za a iya samun masu cewa hanyar Kusri ba ta gaggawa ba ce. Wannan kuskure ne mai tsada. Hanyar da matafiya suka ƙaurace wa, ɓarayi ne suke gadonta. Mutanen Waza da Dabanga da Makari 'yan'uwanmu ne, kuma wutar da aka bari tana ci a can ba za ta tsaya a can ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kada mu manta kuma da masu tare hanya da ake kira zargina, da masu satar mutane domin kuɗin fansa a Mayo Rey da Adamawa, waɗanda suka kori makiyaya da yawa daga rugagensu. Shari'a ba ta ɗauki tare hanya a matsayin sata kawai ba. Ta kira shi hiraba, ta tanadar masa ɗaya daga cikin hukunce-hukunce mafi tsanani a Suratul Ma'ida, saboda wanda ya tsoratar da matafiya ya cuci gari duka, har da waɗanda ba su taɓa barin gida ba.

Na uku: hannunmu

Ruwa daga Allah ne, 'yan bindiga kuma abokan gaba ne. Abu na uku kuwa namu ne, mu da jami'anmu da 'yan kasuwarmu.

Akwai shingaye. Kuɗin hanya na sefa 500 da doka ta sa, ana biya a karɓi takarda, wannan daban. Ana magana ne a kan abin da ake karɓa ba rasit, wanda ƙungiyoyin direbobin Kamaru da Chadi suka daɗe suna kuka da shi a kan hanyar Duwala zuwa Njamena. Direba ba daga aljihunsa yake biya ba. Yakan ɗora wa mai kaya, mai kaya ya ɗora wa ɗan kiri, ɗan kiri ya ɗora wa tsohuwar da ta zo sayen sabulu da mudun gari. Haka abin yake a lokacin da litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a watan Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024, zuwa-zuwa ma ya yi tsada tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023. Malaman fiƙihu suna kiran abin da ake karɓa daga matafiya da 'yan kasuwa ba bisa haƙƙi ba da sunan maksu, kuma hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito a ƙissar matar nan Bagamidiya ya nuna cewa yana cikin manyan zunubai. Shingen da ake sayen wucewa a cikinsa ya daina zama tsaro, domin wanda ya karɓi kuɗi ya ƙyale buhun shinkafa bai duba ba, wata rana zai ƙyale abin da ba shinkafa ba. Akwai jami'ai masu tsoron Allah da suke kwana cikin sauro da sanyi domin mu yi barci, wasu sun ba da rayukansu a Waza da Fotokol da Darak. Masu karɓar na goro suna zubar da mutuncin waɗannan ne.

Akwai kuma lodin da ya wuce kima. Dokar Kamaru ta ƙayyade tan 13 a kan layin taya guda, da tan 50 ga mota gaba ɗaya. Injiniyoyi sun gano tun gwaje-gwajen da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 cewa idan nauyin da ke kan layin taya ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta takan ninka kusan sau 16. Ɗan kasuwar da ya ƙara tan 10 a motarsa domin ya rage kuɗin sufuri, ya kuma sayi shirun mai sikeli, ribar da ya ci daga dukiyar jama'a ya yanke ta. Wataƙila yana sahun farko a masallaci, yana fitar da zakka, amma bai taɓa lissafa ramin da motarsa ta haƙa a cikin abin da za a tambaye shi ba. Haka wanda ya karya shingen ruwan sama a hanyar ƙasa ya wuce da babbar mota tun ƙasa ba ta tsane ba, ya bar wa ƙauyuka kwazazzabo har rani.

Sai rashin gyara. Muna son bukin buɗe sabon aiki, ba ma son aikin yashe magudana. Gada ba ta faɗuwa rana ɗaya. Ruwa yakan yi shekaru yana zaizayar gindinta, shara da leda suna toshe hanyar ruwa, ana gani ana wucewa. Akwai asusun gyaran hanyoyi a ƙasar nan tun shekarun 1990, kuma an ba ƙananan hukumomi alhakin hanyoyin karkara. Haƙƙin jama'a ne su san nawa aka ware wa gundumarsu da kuma inda aka kashe shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, haka ba a gyaran kwalbati a watan Agusta.

Abin da magabata suka fahimta

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a karatunmu. Suratu Ƙuraishi ta haɗa tafiyar fatauci da ƙoshi da aminci a wuri guda. Matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikin mutum takwas da ake ba zakka. Annabi (SAW) ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin rassan imani, ya kuma yi hukunci da a bar kamu bakwai idan an yi saɓani a kan faɗin hanya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa gina gadoji da kula da kasuwanni da hanyoyi a cikin ayyukan shugaba.

Zubaida matar Haruna Rashid ta kashe dukiyarta wajen haƙa rijiyoyi da tafkuna da gina masaukai a hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, har yau hanyar da sunanta ake kiranta. Ta gane cewa hanya ba ta cika sai da ruwan sha da wurin kwana da aminci. Layin dogon Hijaz kuwa, wanda Sarki Abdulhamid na Biyu ya fara a 1900 da gudummawar Musulmin duniya, ya isa Madina a 1908, ya mayar da tafiyar kusan kwana 40 daga Dimashƙa ta koma 'yan kwanaki. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya farfasa shi, kuma ɓangaren da ke isa Madina bai sake tashi ba. Gini yana ɗaukar shekaru, rushewa kwana kaɗan, abin da aka bari ya mutu kuma da wuya ya dawo.

Kakanninmu ma da ƙafa da jakuna suka riƙa ratsa wannan ƙasa, daga Kano da Barno su bi ta Kusri da Abeshe zuwa Sudan su nufi Makka, fatake kuma su gangara Garwa da Ngaundere. Ba su da kwalta, amma suna da zango, da mai masauki, da madugu, da amanar da ta sa mutum zai bar kayansa a hannun wanda bai haifa ba ya dawo bayan shekara ya same su. Unguwannin Hausawa na garuruwan nan daga zango suka tsiro.

Abin da ake nema

Daga hukuma, abu na farko shi ne hanyar Magada zuwa Yagwa, mai tsawon kimanin kilomita 137, wadda Bankin Raya Afirka ya amince da ba da kuɗin gyaranta a 2023. Ranar da aka buɗe gada ba a gama ta ba, kuma idan babu ita gadar kamar ƙofa ce mai kyau a gidan da ba shi da zaure. Haka hanyar Ngaundere zuwa Garwa, uwar dukkan hanyoyin arewa. Na biyu, a kammala Mora zuwa Kusri, a ɗauki samarin garuruwan da hanyar ta ratsa aiki, domin wanda ya ci abinci daga hanya shi ne zai fara tsaronta. Na uku, alkawarin Girbidik. Idan kilomita 330 sun yi yawa a lokaci ɗaya, a yi shi gaɓa-gaɓa, a fara da inda ruwa ya fi ɓarna, a kuma yi shawara da masunta da makiyaya da manoma kafin a tare ruwa, domin rikicin Logon Birni na 2021 ya nuna mana abin da rabon ruwa yake iya haifarwa. A yi shawara da Chadi ma, tunda ruwan da aka tare a wannan gaɓa ɗaya gaɓar yake komawa. Na huɗu, a bakin gada a tsaya a kan wurin bincike ɗaya, a rubuta abin da doka ta ce a biya a allo babba da Faransanci da Larabci, kada mai ɗauke da kwando ɗaya na kifi ya sha tambayar da ake yi wa tirela.

Daga gare mu kuma, akwai abin da ba sai mun jira Yawunde ba. Limamai su sa haƙƙin hanya a cikin huɗubobinsu kamar yadda suke sa riba da tauye mudu: lodin wuce kima, gini a kan magudanar ruwa, zuba shara a lambatu, baje kaya a kan kwalta, gudun ganganci da babur a cikin unguwa. Kwamitocin masallatai su haɗa kai da maƙwabtanmu Kirista da sauran jama'ar gari a fita aikin gayya kafin ruwan farko, domin ambaliya ba ta tambayar addinin mai gida. Attajiran da Allah Ya hore wa su tuna cewa kwalbati da rijiyar bakin hanya da motar ɗaukar marasa lafiya suna cikin sadaka mai gudana. A garin da masallatai suka wadata amma mata suna rasuwa a hanyar asibiti, ya kamata mai neman lada ya san inda buƙata take.

Ku kuma ɗalibai, kasuwar da gada za ta kawo ba za ta jira kowa ba. Garin da ke kan iyaka yana iya zama zango, inda ake sauke kaya, a casa shinkafa, a gyara mota, a kwana, a yi ciniki. Yana kuma iya zama wurin da motoci ke wucewa su bar masa ƙura da haɗari da miyagun ƙwayoyi. Bambancin yana hannun waɗanda suka shirya. Muna buƙatar 'ya'yanmu a fannin injiniyan hanya da na ruwa, da kanikanci, da aikin fiton kaya a iyaka, da lissafin kasuwanci, tare da Faransanci da Larabcin Chadi. Ku koyi karanta allon da ake kafawa a bakin kowane aiki: wane ne ya ba da kuɗi, nawa ne, wata nawa aka ɗiba. Ku tambayi magajin gari da 'yan majalisa cikin ladabi da hujja. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon cika alkawari, Ya tsare matafiya a tudu da ruwa, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanyoyin nan da waɗanda ambaliya ta ci, Ya zaunar da Kamaru da Chadi da Najeriya lafiya.